Kilishin Rumfar Haladu

Ranar Talatar makon jiya Cecilia, wadda muke koyarwa a makaranta ɗaya, ta tare ni a ƙofar ofishin malamai da waya a hannu. Ƙannen mijinta ne za su zo daga Legas, ita kuma ta ga tallar wani yawo da ake yi da baƙi a cikin garin Bauchi. A zuba su a keke napep, a kai su nan su ci masa, a kai su can su sha fura, sannan a ƙare da kilishi a gefen Kasuwar Muda Lawal, mai jagora yana ta zuba musu bayani.

Ta ce, "Malama Mas'uda, ke 'yar gari ne. Wannan yawo zai yi, ko asara ne kawai?"

Ta miƙo min wayar. Hoton da ke kan tallar na yayana ne, Ɗanlarai, ya ɗaga salar nama sama yana dariya, yatsunsa biyar cif a hannun dama. Tsohon hoto ne. Na mayar mata da wayarta na ce zan ba ta amsa bayan an tashi, aka tashi kuma na sulale ta ƙofar baya. Ni ce mutum ta ƙarshe da ya kamata a yi wa wannan tambaya, domin an taɓa yi min ita sau ɗaya na amsa da bakina mai sauri.

Mahaifinmu, Malam Haladu, mahauci ne, kuma kilishi ne sana'arsa. Ɗanlarai shi ne babba a gidanmu, ni ce auta. Tun yana yaro ba a yi fitinanne irinsa a unguwarmu Fadaman Mada ba. Bai kai shekara sha biyar ba ya zubar wa wani ɗan dako haƙora biyu a kan maganar da ba ta kai ta kawo ba. A shekarar ne kuma gardama ta haɗa shi da wani mai saye a rumfa, ya nuna mutumin da wuƙar da ke hannunsa. Nuni kawai ya yi. Baba ya bari sai da mutumin ya tafi, sannan ya ɗauko igiyar ɗaure shanu, ya jiƙa ta da ruwa, ya rufe ƙofar zaure. Ina daga cikin gida ina jin saukarta. Da Inna ta cire masa riga sai da rigar ta taho da fata. Abin da Baba yake faɗa tsakanin bulala da bulala guda ɗaya ne: mahauci idan murya ta tashi, wuƙa ce take fara sauka. Daga ranar, ko gardamar ƙwallo aka fara a kusa da shi, hannun Ɗanlarai da kansa yake neman katakon yanka ya kwantar da wuƙa kafin bakinsa ya buɗe.

Jalo kuma ba ɗan gidanmu ba ne, amma na buɗe ido na gan shi a ciki. Mahaifinsa Bafulatani ne da Baba ke sayen shanu a wurinsa. Ciwo ya shiga garkensa ya share shi tas, sai ya kawo yaron ya ce a riƙe masa, ya tafi kudu neman kiwon haya, bai dawo ba. Sa'annin juna ne shi da Ɗanlarai. Wannan yana ce masa Bafulatani, wancan yana ce masa Kaɗo, ɗaki ɗaya, kwano ɗaya.

Wata safiya a mayanka wani bijimi ya tsinke igiya, ya matse Ɗanlarai da bango, ƙaho ya shige masa cinya. Manyan maza duk suka haye katanga. Jalo ne kaɗai ya tsaya, ya zari sanda ya sauke wa bijimin a tsakanin ƙahoni, sau ɗaya, dabbar ta durƙusa. Kowa ya san Jalo ba ya ɗaga sanda sau biyu. Amma mutumin nan da ya durƙusar da bijimi ba ya iya kallon an sa wa saniya wuƙa a wuya. Amai yake yi.

Sai Baba ya raba musu sana'ar gida biyu. Ɗansa ya ba wuƙa. Kilishi dai yanka ne da labu, wato kwaɓin ƙuli-ƙuli da kayan yaji da ake tsoma naman a ciki bayan ya sha rana. Yankan kowa yana gani, a gaban rumfa ake yin sa. Labu kuwa a bayan zana ake haɗa shi, kuma kowane gida da nasa sirrin. Wannan sirri Baba bai ba ɗan cikinsa ba, Jalo ya ba. Inna ta yi fushin wata guda a kan haka. Baba ya ce ya san abin da yake yi: mai wuƙa ba shi da labu, mai labu ba shi da wuƙa, sai ya ga ta inda za su rabu. Har a ciwon ajalinsa sai da ya maimaita musu, kada Jalo ya taɓa wuƙa, kada Ɗanlarai ko wani mahaluƙi ya leƙa bayan zana, kuma rumfa ba ta da sunan kowa sai na Haladu.

Shekara talatin suka yi a haka. Yayana kuwa ya iya wuƙa, ba don yayana ba ne. Zai ɗauki tsoka kamar dunƙulen hannu ya yi ta warware ta har ta zama kamar ɗankwali. Idan ya gama sai ya ɗaga salar ya saita ta da rana, ya sa hannunsa ta baya ya ce ka ƙirga yatsun. Idan ba ka gan su biyar ba, wannan salar ba ta shiga labu. Mu 'yan gida duk mun ɗauki ɗabi'ar. Ko a gidan biki aka ba ni kilishi sai na ɗaga shi sama kafin in ci, mutane suna kallona kamar mai taɓin hankali.

To, a 'yan shekarun nan kasuwa ta ja baya. Nama ya yi tsada, ga masu kilishin leda da tambari sun cika manyan shaguna. Ana cikin haka Mahfuz ya zo gidana. Tsohon ɗalibina ne, ya gama jami'a a Yelwa, aiki ya gagara, sai ya ƙirƙiro wannan yawo na cin abinci. Mutum ne mai ladabi, ga baki kamar rediyo. Ya ce yana neman rumfar kilishi da zai riƙa ƙare yawon a cikinta duk Asabar. Ni na ɗauke shi da ƙafata na kai shi.

Ɗanlarai ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya dube ni.

"Auta, ke ce mai boko. Wannan abu zai yi, ko wahala ce kawai?"

Na ce, "Yaya, me za ka rasa? Mutane su zo su kalle ka kana aikin da kake yi kullum, su saya, su tafi su gaya wa duniya. Ko so kake ku zauna kuna korar ƙuda har ku tsufa?"

Ya ɗaga murya wajen zana. "Bafulatani, ka ji?"

Muryar Jalo ta fito daga ciki. "Ba laifi."

Nan ne kuskurenmu, kuma ni ya fi kamawa. Yaya Jalo mutum ne da ranar da matarsa ta rasu aka tambaye shi ya jiki ya ce ba komai. Ko ƙafarsa ka taka, shi zai ba ka haƙuri. Kunya ce irin tasu, ba ya cewa a'a, sai dai ka duba fuskarsa. Na san haka sarai, Ɗanlarai ma ya sani. Amma ranar ba wanda ya duba fuskar, domin tana bayan zana, mu kuma amsar da muke so muka ji.

Asabar ta farko abin ya yi daɗi. Keke uku, baƙi goma sha wani abu, wasu 'yan Abuja, wasu ma'aikatan wata ƙungiya. Ɗanlarai ya ɗaga sala, suka ƙirga yatsu, suka yi ta ihu da tafi. Mutumin da tunda yake ba a taɓa tafa masa ba sai a fagen dambe. Ya dawo gida yana tafiya kamar sabon ango.

Asabar ta uku Mahfuz ya zo da wani kyalle mai hoto, an rubuta Kilishin Ɗanlarai da manyan baƙaƙe, ya ɗaure shi a kan tsohon allon sunan Baba. Ya ce baƙi fuska suke so da suna. Jalo ba ya karatun boko, amma ya ga hoton, ya kuma ga abin da aka rufe. Ya tsaya ya kalle shi kamar minti guda, ya shige bayan zanarsa.

Bayan mako biyu wata baƙuwa ta ji ƙarar turmi ta tambayi me ake yi a ciki. Ɗanlarai, wanda kansa ya riga ya kumbura, ya kama gefen zanar ya ɗaga. Ga Jalo tsirara daga ƙugu zuwa sama, gumi yana zuba, ga kayan haɗinsa a shimfiɗe a kan tabarma, wayoyi biyar sun saitu a kansa. Ya fizgi rigarsa ya rufe kayan, ba jikinsa ba. Da yamma Ɗanlarai ya ce masa, "Ba ka ji haushi ba ko?" Ya ce ba komai.

Mahfuz kuwa da ya ga yadda baƙi suka so abin, sai ya sa a tallarsa cewa za a shiga da su ɗakin sirri. Bai tambayi kowa ba. A ganinsa ƙofar da aka buɗe sau ɗaya ta buɗu ke nan.

Ranar da abin ya faru ina wurin, na je karɓar saƙo. Bayan azahar ne, rana tana dukan tsakiyar kai. Ɗanlarai yana zaune yana yanka, sai Mahfuz ya wuce shi da mutum shida a baya, waya a sama yana magana, ya yaye zanar gaba ɗaya ya jingine ta gefe. Wani mai gajeren wando har ya tsoma yatsa a cikin kwaɓin ya lasa.

Jalo ya fito da taɓarya a hannu. Bai kalli baƙin ba. Ya zo ya tsaya a gefen katakon yanka.

"Kaɗo, wa ya ba su hanya?"

Da Ɗanlarai ya ce ba shi ba ne, da an wuce wurin, kuma gaskiya ce. Amma idon baƙi yana kansa, sai ya yi dariya ya ce, "Haba Bafulatani, ƙuli-ƙuli ne fa da yaji. Me ake ɓoyewa?"

Ban taɓa jin Yaya Jalo ya ɗaga murya ba sai ranar. Ba ma irin muryar da na sani ba ce.

"Ƙuli-ƙuli? Shekara talatin ina shaƙar barkono a bayan zana, ba wanda ya san fuskata, ƙuli-ƙuli ne? Abin da Baba ya ba ni, shi kaɗai nake da shi a duniya, ƙuli-ƙuli ne?"

Ɗanlarai ya miƙe. Murya ta tashi, saboda haka hannunsa ya yi abin da igiyar Baba ta koya masa, ya miƙa wuƙar zai kwantar a kan katako. Katakon kuma yana jikin cinyar Jalo. Ni da ke gefe na ga mutum zai ajiye wuƙa. Jalo, da idonsa ya rufe, ya ga tsohon ɗan dambe ya taso masa da wuƙa.

Sau ɗaya ya sauke taɓaryar. Ƙarar kamar an fasa busasshen ƙashi da gatari, har yau ina jin ta idan maƙwabta suna daka. Wuƙar ta riga ta kwanta, hannun yana kanta a buɗe. Da taɓaryar ta ɗaga, abin da ke kan katakon bai yi kama da hannu ba. Jini ya fantsama har kan kyallen Mahfuz. Ɗanlarai bai yi ihu ba, ya kalli hannun, ya kalli wuƙar, ya zube a gwiwa.

Wani ya ƙwala, "Bafulatani ya kashe ɗan Haladu!"

Sai na ji ƙarar wuƙaƙe suna sauka a kan katako, rumfa bayan rumfa, har ƙarshen layi. Kowane mahauci sai da ya ajiye tasa, sannan ya ɗauki itacen gashi, wani benci, wani dutsen wasa wuƙa. Mutanen da Jalo ya ci abinci da su shekara talatin, ya ɗauki gawar iyayensu, a cikin minti ɗaya ya koma musu baƙo. Bai gudu ba, bai kare kansa ba, taɓaryar ma ya sake ta. Itacen farko ya fasa masa goshi. Na biyu ya same shi a ido. Ya faɗi, suka rufe shi, ana jin haƙarƙarinsa yana amsawa. Aka ture murhun gashi, garwashi ya watsu, wata baƙuwa ta taka da silifas tana kururuwa. Aka farfasa gilashin keke ɗaya, direban ya tsere da ƙafa.

Ni kuma me na yi? Ba zan yi ƙarya ba, ban je ceton kowa ba. Na waiga na ga Mahfuz a tsaye, wayar tana sama har lokacin. Na ɗauki kwanon labun nan na ƙarfe na kifa masa a fuska da duk ƙarfina. Leɓensa ya tsage, barkono ya cika masa ido, ya faɗi yana kiran Malama, Malama. Na ƙara masa da takalmi. Kaina nake duka, amma fuskarsa ce ta fi kusa.

Ɗanlarai ne ya tsayar da su. Ya ja jiki a ƙasa cikin toka da jini, ya kutsa ta tsakanin ƙafafu, ya kwanta a kan Jalo. Itace biyu ko uku suka sauka a bayansa kafin su gane shi. Ya ɗaga wannan ragargajajjen hannu sama ya ce, "Hannun wa aka fasa? Nawa ne ko na ubanku? Duk wanda ya ƙara taɓa shi, wallahi da hagu zan yanka shi." Aka ja da baya.

A asibiti aka cire masa yatsu biyu, babban yatsa kuma ya sandare. Jalo ya rasa idon hagu, haƙarƙari uku sun karye. Da jami'an tsaro suka zo, Ɗanlarai ya ce turmi ne ya faɗo masa. Suka ce akwai bidiyo, duk gari ya gani. Ya ce shi bai gani ba.

Wata biyu rumfa tana rufe. Ɗanlarai yana zaune a tsakar gida a Fadaman Mada, ba ya magana da kowa, yaransa suna bin bango idan za su wuce. Mai wuƙa ba hannu, mai labu ba wuƙa, gida biyu ba abinci. Dabarar Baba ta juyo ta shaƙe su.

Wata Juma'a da hantsi ina gidan aka yi sallama. Jalo ne, ya rame, ido ɗaya a liƙe, da taɓaryar nan a hannu. Ya ajiye ta a gaban Ɗanlarai, ya jawo turmin matar gidan ya kifa, ya shimfiɗa hannunsa na dama a kai.

"Kaɗo, rama."

Ɗanlarai ya ɗauki taɓaryar da hagu, ya miƙe, ya ɗaga ta har bayan kai. Matarsa ta toshe baki. Ni ban ce kada ya yi ba, Allah Ya yafe min, a lokacin so nake ya yi. Ya sauke ta a kan tulun ruwa da ke gefe, tulun ya tarwatse, ruwa ya jiƙe su su biyun. Sannan ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka, irin kukan da bai yi ba ranar igiya, bai yi ba ranar bijimi.

"Ajiyewa zan yi fa, Jalo. Ajiye ta zan yi."

"Na gani. Bayan na sauke na gani."

Suka daɗe a haka. Can Jalo ya ce, "Daka ba ya son yatsu biyar. Tashi mu je in nuna maka."

Da ƙafarsa ya shigar da shi bayan zana, ya zayyane masa komai, abin da Inna ta yi fushin wata guda a kansa. Shi kuma ya fito gaba ya ɗauki wuƙa, mutumin da ke amai idan ya ga yanka, da ido ɗaya, yana da shekara hamsin da ɗoriya. Sun karya wasiyyar Baba ta kowane gefe don rumfar Baba ta buɗe. An sauke kyallen, allon Haladu ya dawo. Mahfuz ya zo ya durƙusa, da tabonsa a leɓe, suka ce ya ci gaba da kawo baƙinsa, domin yara suna cin abinci kullum. Bidiyon nan ma ya sa yanzu keke shida ake yi.

Ni tun ranar da abin ya faru ban sake taka layin ba. Amma Cecilia ba ta da mantuwa, ta yi ta bina har na ce to, zan raka su su gani da idonsu. Asabar ɗin nan muka je. Gaskiya masar ta yi, da miyar taushe mai zafi, furar ma an dama ta da nono mai kyau, ƙannen mijin nata sai santi suke. Mahfuz ya iya aikinsa, kuma bai yarda mun haɗa ido ba.

Muka iso rumfa wajen la'asar. Zana tana rufe, ana jin daka daga ciki, a hankali, ba daidai ba, irin na hannun da bai saba ba. Yaya Jalo yana zaune a gaba a wurin Ɗanlarai, kansa a sunkuye, wayoyi goma a kansa, yana fama da tsoka. Aka zagayo da kilishi a faranti. Baƙi suka ci suka ce ba su taɓa cin irinsa ba. Cecilia ta dafa ni ta ce, "Kai, Malama, ya yi! Me ya sa kin ɓoye mini?"

Ban san lokacin da hannuna ya ɗauki sala ya ɗaga ta sama ba. Na saita ta da rana, na sa yatsuna ta baya. Ban ga ko ɗaya ba. Da na sauke ido, Yaya Jalo yana kallona da idonsa guda, wuƙar a kwance a kan katako.

Ya ce, "Auta, daina ɗagawa. Ci kawai."